Wafil a Gidan Ɗan Fari

Na'ibi ne ya yi wannan abu. Ba matarsa ba ce, ba baƙin ba ne, kada kuma wani ya zo yana cewa tsautsayi ne ko rashin fahimta. Yana tsaye a ƙofar kicin cikin sabuwar farar jallabiya, yana ƙamshin turare, kunnuwansa biyu lafiya lau, aka mai da uwar da ta haife shi 'yar aiki, shi kuwa ya ɗauki butar gahawa ya juya baya. Ranar ƙaramar Sallah fa, da hantsi, bakin mutane bai ma huce daga kabbara ba.

Uwar tasa ita ce Hajiya Bashira ta unguwar Nuzla a Jidda. Duk wanda ya taɓa ratsa lungunsu da sassafe ya san ƙamshin wainarta. Daga Sudan aka kawo ta Jidda tana amarya, mijin ya rasu ya bar mata 'ya'ya maza biyu da tanda ɗaya. A gindin wannan tandar aka samo takalmin makarantar Na'ibi, a nan aka samo abin sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, shekara bayan shekara, har ya zama mutum, ya samu aiki a wani kamfanin kayan mota, ya tattara iyalinsa ya koma unguwar Madain Fahd, bene mai lifta.

Shi ne ɗan farinta, Bashira kuwa irin matan da ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. "Yaron nan" take cewa, har ya yi furfura a gemu. A Jidda kuma, al'adar Larabawa ita ce a kira mace da sunan ɗanta na fari. Maƙwabta suka so su ce mata Umm Na'ibi, wato uwar Na'ibi, ta rufe fuska ta ƙi amsawa, haka aka yi ta ja har ta haifi ƙaninsa, daga nan ta zama Umm Bilal. Shi ma bai taɓa ce mata Inna ba. Kakarsa yake ce wa Inna, ita kuwa Hajiya, kamar yadda kowane mai shago a Jidda ke ce wa kowace tsohuwa baƙa. Wannan ba rashin so ba ne, kunya ce, kuma ya fi kowa sanin haka. Wa ake ɓoye wa wainar farko a ƙarƙashin faifai, ana ce wa Bilal ta ƙone? Ya sani sarai.

Ana saura kwana biyu Sallah, Lujain, 'yar Na'ibi, ta bugo wa kakarta waya tana kuka.

"Habboba, ki taimake ni, wallah na mutu."

"In kin mutu wa ke magana da ni? Aljana?"

"Mutanen Thamer za su zo futur, karin kumallo, ranar Id. Babansa da mamansa, har a karanta Fatihar baiko. Ni na ce zan yi wafil, kuma kullum yana liƙewa a makina, yana ƙonewa, yana zama kamar kartani."

"Za ki yi me?"

"Wafil, Habboba. Kamar waina, amma gida-gida, murabba'at. Da zanjabil da girfa."

"Ki ce citta da kirfa, ke da bakinki kamar na 'yar tsana. Dibyazar busassun 'ya'yan itace da cuku da zaitun da kowa ke ci ranar Sallah sun yi miki kaɗan?"

"Akwai su duka. Amma ina so su ga wani abu daga hannuna."

"Daga hannunki, shi ya sa kike neman nawa."

Ta yi ta zolayarta, amma zuciyarta fari ƙal. Wannan Thamer ɗin shi ne ke neman auren Lujain. Mutanensa baƙaƙe ne kamar kowa a Nuzla, kakanninsu da ƙafa suka zo aikin hajji kamar na kowa. Sai dai su sun samu takardar zama 'yan ƙasa tun da can, Hausa ta zube daga bakinsu, suka koma arewacin gari. Na'ibi yana rawar jiki a kan auren nan kamar shi za a aura. Bashira ba ta taɓa ganinsu ba. Ta ɗauka ranar Sallah ce ranar da za su ga juna, shi ya sa ta fito da sabon tobinta, lulluɓin nan na matan Sudan, ruwan zuma mai ratsin zinari, ta turara shi da sandal kwana biyu.

Ranar Sallah, bayan asuba, Bilal ya sauke ta a ƙofar benen ya wuce. Ba ta je idi ba. Tun da ta zo ƙasar nan ba ta taɓa rasa idi ba sai ranar, don kawai 'yar jikarta ta fita kunya. Ta cire tobin ta rataye a bayan ƙofar kicin kada ya ɗauki ƙaurin mai, ta ɗaura tsohon zaninta na suya, wanda duk ya yi tabo, ta ɗaure kai da ɗankwalin da ya ga duniya. Wace mace mai hankali ce ke suya da kayan Sallah?

Lujain ta jera mata komai: fulawa, ƙwai, madara, man shanu, bakar hoda, da wata baƙar zumar rake mai kauri. Ta miƙo 'yan kwalabe na garin kayan ƙamshi. Bashira ta buɗe ta citta ta shinshina.

"Wannan ƙura ce. Wa ya sayar miki da ƙura?"

"Daga subamarket ne, Habboba!"

"To su ci abinsu."

Ta ciro ƙaramin turminta daga jaka, da busasshiyar citta, da kanumfari, da sandar kirfa, da masoro ɗan kaɗan. Ta daka su har ƙamshin ya fita falo, ta tankaɗe. Lujain na karanto mata daga waya, ita tana ji da yatsa. Ta ce ƙullun ya yi ruwa, ta ƙara gari. Ta sa yarinyar ta kaɗa farin ƙwai daban har ya tashi kamar kumfar sabulu, sannan ta juya shi a ciki a hankali. Da ta ga makinar sai ta yi dariya.

"Wannan ce ta sa ki kuka? Ai tanda ce aka yi wa murfi. Ba ki barinta ta yi zafi, ba ki shafa mata mai, kina ta buɗe ta kina leƙe kamar mai jiran baƙo. Je ki yi kwalliyarki."

Ta naɗe ɗan tsumma mai tsabta, ta tsoma a narkakken man shanu, ta bi kowane gida ta shafa. Ta zuba ƙullu, ta rufe, ta jira sai da tururi ya lafa. Na farko ya fito ja-ja-wur, gefensa na ƙaras-ƙaras, cikinsa laushi. Ba ta ma yi tunani ba, hannunta ya ɗauke shi ya sa a ƙaramin faranti, ya rufe da wani, ya tura can bayan tukunya. Na yaron nan ne.

Baƙin ba su jira hantsi ya ɗaga ba. Daga filin idi suka zarce. Bashira ta ji ƙarar ƙararrawa, ta ji gaishe-gaishe da sumbace-sumbace, alhali ƙullu bai kai rabi ba. Ta dubi tobin, ta dubi makinar. In ta bari, abin zai huce ya yi taushi. Ta ce bari ta gama, in ya so ta wanke hannu ta shiga da mutuncinta. Asma'u, matar Na'ibi, tana shigowa tana kwasa tana kaiwa falon mata, Lujain kuwa na ɗaki tana jiran a kira ta.

Ba a jima ba sai ga Asma'u ta dawo, wata mata doguwa na biye da ita, hannu duk awarwaro. Umm Thamer ce. Da Larabci take magana, Bashira kuwa ta ji Larabci tun kafin a haifi matar.

"Masha Allah, masha Allah! Dole in ga mai hannun nan. Wannan ƙamshi, wallahi kakata ya tuna min. Allah ya yi wa hannunki albarka, ya Hajja. Ke Umm wa?"

Daidai lokacin Na'ibi ya iso ƙofar kicin, ya zo ɗaukar gahawar maza.

To me za ta ce? Ga shi tsaye, ga surukarta, ga baƙuwa. Ta buɗe baki a gaban mutane ta ce ni na haifi wancan? Harshenta bai san hanyar ba. Ta sunkuyar da kai ta goge hannu a zani.

"Umm Bilal," in ji ta.

Iyakar abin da ya hau kanta ke nan. Sauran ba nata ba ne. Haka ake yi tun duniya na kwance: uwa ta yi kawaici, wani ya faɗa a madadinta. A Nuzla ko yaro ne a wurin zai ce, ai mahaifiyar maigidan ce. Kalma uku. Asma'u ta buɗe baki, sannan ta dubi mijinta, tana jira ya faɗa da kansa, don shi ya fi dacewa.

Na'ibi ya dubi zanin. Bashira ta ga idonsa lokacin da ya sauka a kan tabon mai, ya gangara zuwa silifas ɗinta, ya koma kan awarwaron baƙuwar.

"Hajiya," ya ce, "gahawar ta yi?"

Ta nuna masa butar da haɓa. Ya ɗauka ya fita.

"Umm Bilal," in ji baƙuwar, tana murmushi. "Asma'u, a ina kika samo ta? Irin waɗannan tsofaffin yanzu ba a samunsu, sai yara masu danna waya. Kullum take zuwa ko sai da biki? Don Allah ranar ɗaurin aure ki ara min ita, ta yi wa mata irin wannan."

Asma'u ta ce, "In sha Allah."

Matar ba muguwa ba ce, wannan shi ya fi ciwo. Ta buɗe jakarta ta ɗebo cakulan na Sallah, irin mai takardar zinari, ta kama hannun Bashira ta cika shi, ta dunƙule mata yatsu.

"Ki kai wa yaranki. Barka da Sallah, kullu am wa inti bi khair."

Suka fita. Bashira ta tsaya da cakulan a hannu. Ba fushi ne ya fara zuwar mata ba, kunya ce, irin wadda ke tasowa daga tafin ƙafa. Ta ji zanin nan kamar ba ta sa komai ba. Ta dubi hannuwanta, duk tabon ƙunar mai na shekara da shekaru, ta ɓoye su kamar wadda ta yi sata. Har cewa ta yi a ranta, ai laifina ne, da na sa tobin. Ku ji fa. An ci mata mutunci, ita ke neman laifin kanta. Sai ƙauri ya ishe ta: na cikin makina ya ƙone baƙi ƙirin. Mace da ba ta taɓa ƙona waina ba sai dai ta yi wa Bilal ƙarya. Ta kankare shi, ta shafa mai, ta zuba wani, don ba ta san abin da za ta yi da jikinta ba in ba wannan ba.

Asma'u ta leƙo ita kaɗai, idonta ya yi ja.

"Hajiya, wallahi ni…"

"Ɗauki wannan ki kai, zai huce."

"Na ɗauka shi zai faɗa."

"Na ce zai huce."

Bayan ta, sai Lujain, cikin doguwar riga shuɗiya, tana tafiya da ƙyar a kan dogon takalmi.

"Habboba! Sun cinye duka! Maman Thamer ta ce… lesh ba ki shirya ba? Yalla, za a karanta Fatiha, ki zo ki zauna kusa da ni." Sai ta ga cakulan a kan tebur, ta ga fuskar. "Me ya faru? Wa ya ba ki wannan?"

"Surukarki. Ta ce in kai wa yarana."

Yarinyar ba ta iya Hausa sosai ba, amma ba wawuya ba ce. Ta dafe baki.

"Baba yana nan?"

"Yana nan."

"Ni zan gaya musu. Yanzu-yanzu."

"Ba za ki ba. Amarya ta shiga gaban surukai tana gyara wa ubanta zance? Kuma ba ke kika yi shiru ba. Wuce ki zauna, kwalliyarki za ta lalace, mummuna da ke."

Lujain ta fita tana share ido. Ba a daɗe ba sai ga Na'ibi da kansa. Ya turo ƙofa ya rufe a hankali, ya tsaya bai dube ta ba. Ita ma ba ta dube shi ba, amma wannan ba sabon abu ba ne.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Abin ya zo ne ba shiri."

Ta ci gaba da goge makina.

"Yanzu in na koma na ce wani abu, matar za ta ji kunya, taron zai lalace. Mutanen nan suna da lura da ƙananan abubuwa. Ki bari a karanta Fatiha su tafi, halas, daga baya sai a san yadda za a gyara. Na kira Bilal, zai zo ya mai da ke gida ki huta. In kin ɗan zauna a nan har su sauka…"

Idonsa ya kai kan farantin da ke bayan tukunya. Ya san ko na wane ne. Ya ɗaga murfin, ya gutsuri gefe ya kai baki, yana tauna ya ce, "Ya yi daɗi, wallahi." Ya fita.

Nan ne abin ya juye mata. Daga baya za a gyara? Yaushe? Ranar ɗaurin aure an riga an are ta, tana kicin ɗin wasu tana shafa wa makina mai. Ranar kai amarya, a ce wace ce wannan a kusa da Lujain? Ranar suna fa, idan Allah ya kawo rabo? Ko dai a ɓoye ta a Nuzla har ta mutu, ko kuma duk sanda aka haɗu ta zama Umm Bilal mai hannu mai albarka. Kawaicin da ta yi masa tun yana cikin zani, don girmama shi, shi ya ɗauka ya lulluɓe ta da shi kamar buhu.

Ta kashe makina. Ta wanke hannu har gwiwa. Ta sauke tobin daga bayan ƙofa ta naɗa shi a kan zanin suyar, ba ta cire ba. Ta kwashe cakulan ɗin a hannun dama.

An haɗa maza da mata a babban falo saboda Fatiha. Abu Thamer, uban saurayin, wani dattijo mai gilashi, ya riga ya ɗaga hannuwa. Thamer na gefen ubansa kai a ƙasa. A kan tebur ga dibyaza, ga cuku, ga farantan wafil an suɗe su har zumar. Bashira ta tsaya a bakin ƙofa. Duk suka juyo. Umm Thamer ta yi mata murmushi, ta ɗan miƙo kofin da ta gama da shi.

Ba ta karɓa ba. Ta ratsa tsakiyar kafet, ta wuce gaban maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya a gaban Na'ibi. Ta zube cakulan ɗin a cinyar farar jallabiyarsa, ɗaya ya gangara ƙasa. Da Larabci ta yi magana, don kowa ya ji.

"Baiwar Allah nan ta ba ni, ta ce in kai wa yarana. Ɗayan yana hanya. Ga naka."

Kofin da ke hannun Umm Thamer ya koma kan cinyarta a hankali. Na'ibi ya miƙe rabi, yana murmushin da ba na dariya ba, ya ce da Hausa ƙasa-ƙasa, "Hajiya, don Allah, don Annabi…"

Fuskarta ta yi zafi kamar ta sunkuya a kan tanda. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ta shige ta gode. Sunan ya taso mata, sunan da ta ji an raɗa masa tana bayan labule tana toshe kunne, wanda ba ta taɓa ɗora wa harshenta ba ko tana ita kaɗai a ɗaki. Ta buɗe baki ta kira shi.

"Na'ibi."

Asma'u ta rufe fuska da mayafi. Lujain ta fashe da kuka. Shi kuwa ya koma ya zauna kamar an tura shi, don bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba.

"Na'ibi, ka sa na kira ka a gaban mutane, ka cire min abin da na riƙe tun kafin ka yi haƙori. To ba za a shafa Fatihar nan ba tukuna. An yi tambaya a kicin kana tsaye, na ba da rabin amsa, sauran naka ne. Ga matar nan, ba ta tafi ba. Ɗago kanka ka dube ta. Da bakin da ka ci na bayan tukunya yanzun nan, ka gaya mata ni wace ce a gidan nan, sannan ka gaya mata abin da ya hana ka faɗa ɗazu. Ina tsaye, ina jira."